Indite: Tsohuwar Kalmar da Ta Sa Ɗalibi Ya Gurfanar da Kawunsa

A zangon karatun da ya gabata mun leƙa wata makarantar sakandare domin mu ga yadda 'yan ajin ƙarshe ke shirin jarrabawar fita. Malamin Turanci, wani dattijo da ya ce ya haura shekara ashirin yana riƙe da alli, ya zaunar da mu a ofishin malamai, ya jawo tarin littattafan insha'i daga ƙarƙashin tebur. Ya ɗan bincika, ya zaro guda ɗaya, ya miƙo mana yana murmushi. Ya ce, "Ku karanta layin farko kawai."

Aikin da ya ba su shi ne kowa ya rubuta wa kawunsa wasiƙa yana neman taimakon kuɗin rajistar jarrabawa. Ga abin da ɗalibin ya buɗe da shi: "My dear uncle, I am indicting you because of my examination fees." Malam ya zagaye kalmar indicting da jan biro har sau biyu.

Idan za a mayar da jimlar Hausa, abin da yaron ya faɗa shi ne: Ya kawuna abin ƙauna, ina gurfanar da kai gaban shari'a saboda kuɗin jarrabawata. Ba haka yake nufi ba, ko kusa. Da malam ya kira shi, sai ya ce a wajen muhawara ya ji wani babban ɗalibi yana cewa "indait" ita ce kalmar manya ta rubutu, write kuwa ta 'yan firamare ce. Da ya koma gida ya nemi yadda ake rubuta ta, sai ya ci karo da indict, ya ɗauka ita ce. Garin neman ƙiba ya samo rama.

Babban ɗalibin nan bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Akwai kalmar Turanci da ake furtawa "indait" mai ma'anar rubutu. Sai dai indite ake rubuta ta, babu harafin c, kuma ta tsufa ƙwarai. Mun ga ya dace mu bi diddiginta a wannan makon, domin labarinta ya taɓo abubuwa da dama da ke kayar da ɗalibai a jarrabawar Turanci.

Me take nufi?

Indite aikatau ce. Ma'anarta a taƙaice ita ce tsara magana a sa ta a rubuce: a tsara waƙa, ko wasiƙa, ko jawabi. Ana sarrafa ta kamar sauran aikatau masu bin ƙa'ida, wato indite, indites, indited, inditing. Nauyin furucin yana kan gaɓa ta biyu, in-DAIT, amonta ɗaya da invite da polite.

Bambancinta da write shi ne kulawa. Wanda ya rubuta sunansa a bangon aji, ko ya jera abin da za a sayo a kasuwa, ko ya cika fom, write ya yi. Ba wanda zai kira wannan indite. Kalmar tana ɗauke da hoton mutumin da ya zauna ya natsu, yana zaɓen kalmomi, yana auna su. A Hausa ta fi kusa da tsarawa ko wallafawa fiye da rubutawa zalla. Ku tuna yadda muke cewa wane ya tsara wasiƙa, mu kuma ce wane ya rubuta lambar waya. Ba mu cewa ya tsara lambar waya.

Akwai kuma batun nahawu. Indite aikatau so-karɓau ce, kuma abin da take karɓa shi ne abin da aka tsara. Ana cewa "She indited a letter to her uncle." Wasiƙar ce ke bin kalmar kai tsaye, kawun yana zuwa daga baya tare da to. Saboda haka ko da ɗalibinmu ya dace da harrufan daidai ya rubuta "I am inditing you", da bai tsira ba, domin ya mayar da kawunsa waƙa ko wasiƙa ke nan. Kuskure biyu ya tafka a kalma ɗaya.

In kun buɗe ƙamus mai kyau za ku ga an rubuta archaic ko literary a gefen kalmar. Ɗalibai da yawa ba sa kula da waɗannan ƙananan alamomi, ma'ana kawai suke kwasa su rufe littafin, alhali alamar ce ke gaya muku inda kalma za ta iya shiga da inda ba za ta shiga ba. Archaic na nufin kalmar ta tsufa, ba a jin ta a maganar yau da kullum, amma ana iya cin karo da ita a tsofaffin littattafai ko a bakin mai son kwaikwayon mutanen da. Obsolete ta fi haka nisa, tana nufin an daina amfani da ita kwata-kwata. Mu ma muna da irin wannan. Tun 1973 da aka koma naira ba wanda ke sayen kaya da sisi ko taro ko anini, amma har gobe mutum zai ce ba shi da ko sisi, kowa ya gane. To amma ku je ku tambayi mai shago kuɗin biro a sule, ku ga kallon da zai yi muku. Matsayin indite a Turancin yau ke nan.

Daga bakin mai faɗa zuwa hannun mai rubutu

Tushen kalmar a Latin yake, harshen tsohuwar daular Rum. A can akwai dicere, wato faɗa. Daga gare ta aka sami dictare, wato a riƙa faɗa ana maimaitawa domin wani ya rubuta, abin da mu ke kira shifta. Aka liƙa mata in- a gaba, ta bi ta tsohon Faransanci ta zama enditer. A 1066 Wiliyam na Nomandi ya ƙetaro daga Faransa ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu da manyan gari na ɗaruruwan shekaru, dubban kalmominsa suka kwarara cikin Turanci. Wannan na cikinsu. Turawan Ingila na wancan zamanin endite suke rubuta ta, da e a farko.

Abin lura a nan shi ne, asalin kalmar ba ruwansa da alƙalami. Baki ne tushenta. Ita kuwa write, wadda babban ɗalibin nan ya raina, ta girme ta a Ingila nesa ba kusa ba. Tana nan tun tsohon Turanci a matsayin writan, kuma asalin ma'anarta karta ko zana alama a jikin itace ko dutse. Ɗaya aikin hannu ce, ɗaya aikin kai da harshe.

Me ya sa aka bukaci kalmomi biyu? Domin a da mutum biyu ne ke yin aikin. A Rum, manyan mutane ba su cika wahalar da hannunsu ba. Cicero, shahararren lauya kuma ɗan siyasa, yana da magatakarda mai suna Tiro wanda ke ɗaukar maganarsa, har ana danganta masa ƙirƙiro wata hanyar rubutun gaggawa. A Turai ta tsakiyar zamani kuma rubutu aikin ƙarfi ne. A kan fatar tunkiya ko ta ɗan maraƙi ake yi, bayan an jeme ta an kankare. Alƙalamin gashin dinya ne, sai an yi ta feƙe shi. Tawada da hannu ake haɗa ta. Mai ilimi ya tsara magana, wani gwanin hannu ya zauna ya zuba ta a fata. Har darasi na musamman ake koyarwa a Italiya, musamman a birnin Bolonya a ƙarni na 12, kan yadda ake tsara wasiƙa, ana kiran sa ars dictaminis. Ku dubi kalmar ta biyu, za ku ga dangin dictare ce. Wato darasin rubuta wasiƙa da kuke yi a aji yana da kakanni.

Wannan rabon aiki ba baƙo ba ne a wurinmu. Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙar Imfiraji, makaho ne. Shi ya tsara baitocinsa a ka, wasu suka sa su a takarda, kuma ba wanda ya taɓa cewa waƙar ta masu riƙe alƙalamin ce. A Ingila ma haka ta faru da John Milton. Ya makance gaba ɗaya wajen 1652, kuma doguwar waƙarsa Paradise Lost, wadda ta fito a 1667, shifta ya yi ta ga duk wanda ya samu ya riƙe masa alƙalami. Kalmar indite tana cikin waƙar. In kuna son misali guda da zai zaunar muku da ma'anar a kai, ga shi: Milton bai iya write ba a lokacin, amma ya yi indite.

Haka nan dattawa za su ba ku labarin masu rubuta wasiƙa da ke zama da tebur a bakin gidan waya ko ƙofar kotu. Mai bukata ya zo ya zayyana kukansa da Hausa, malamin ya juya shi zuwa Turancin ofis, ya ƙawata shi da kalmomin ladabi. Mun tambayi 'yan ajin da muka ziyarta: tsakanin mutanen nan biyu, wa ke yin indite? Aji ya rabu biyu, gardama ta kaure. Gaskiyar ita ce kowane ɓangare na da hujja, domin kalmar ta taɓa ɗaukar ma'anonin biyu. A tsohuwar ma'anarta, wadda ƙamus ke yi wa alamar obsolete, mai faɗar ne ke yi. A ma'anar da ta rage, mai tsarawar ne.

Cikin tsofaffin marubutan da aka sani da amfani da ita akwai Geoffrey Chaucer, mai The Canterbury Tales, wanda ya rasu a 1400. Yakan haɗa endite da write a ƙarshen baiti domin amonsu ɗaya. Shi ma ya san zafin rabon aikin, domin yana da wata 'yar gajeriyar waƙa da ya yi wa mai kwafa masa littattafai, mai suna Adam, yana yi masa faɗa kan kurakuran da yake cusa masa saboda gaggawa da sakaci. Duk wanda ya taɓa kai aikinsa shagon kwamfuta aka dawo masa da shi cike da kurakurai zai tausaya wa Chaucer. Sai a 1476 William Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila.

Tagwayen da aka raba

Yanzu sai mu koma kan indict, wadda ta jefa ɗalibinmu rami. Ba haɗuwar hanya ba ce ta sa furucinsu ya zo ɗaya. Kalma ɗaya ce aka raba biyu.

A Faransancin da ake yi a kotunan Ingila, enditer ta sami wata ma'ana ta musamman: a furta zargi a kan mutum a hukumance, a rubuta shi. Ba abin mamaki ba ne, domin tuhuma ma magana ce da ake tsarawa a sa a takarda. Shekaru ɗaruruwa ana rubuta ma'anonin biyu iri ɗaya, endite, daga baya indite. Mai karatu ne zai duba jimla ya gane ko waƙa ake tsarawa ko ɓarawo ake tuhuma.

Wajen shekarar 1600 masana da lauyoyi, waɗanda ke ganin Latin a matsayin uwar ilimi, suka fara cusa harafin c a cikin ta shari'ar domin ta yi kama da kakarta ta Latin. Rubutu ya canza, baki ya ƙi bi. Mutane suka ci gaba da cewa "indait" kamar yadda iyayensu ke faɗa, har yau. Saboda haka harafin c na indict bebe ne. Wanda ya ce "indikt" ya yi kuskure, kuma muna jin wannan kuskuren har a bakin manya. Haka indictment, "indaitment" ake cewa.

Ba ita kaɗai aka yi wa wannan aika-aikar ba. Debt, wato bashi, da dette ake rubuta ta, aka ƙara mata b saboda debitum ta Latin. Doubt da doute ce, aka ƙara mata b saboda dubitare. Receipt, wadda muka ara muka ce rasit, an ƙara mata p. A island ma masanan kuskure suka yi, domin kalmar ta tsohon Turanci ce, ba ta da s, suka zaci 'yar'uwar isle ce suka saka mata. Duk waɗannan harrufa ba a furta su. Mu da muka ce rasit mun fi kusa da daidai fiye da mai ƙoƙarin furta p ɗin don a ce ya iya.

Amma kada ku ɗauka ƙa'ida ce mai tafiya ko'ina. Verdict, wato hukuncin da ake yankewa a ƙarshen shari'a, ita ma da verdit ce ba c. Aka ƙara mata, ita kuma baki ya bi, yanzu ana furta c ɗin sarai. Ga kalmomi biyu na kotu ɗaya, masu tushe ɗaya, an yi musu gyara iri ɗaya, ɗaya ta karɓa ɗaya ta ƙi. Predict da contradict da edict duk ana furta c ɗinsu. Indict ce saniyar ware. Masu shirya tambayoyin furuci a jarrabawa suna ƙaunar irin waɗannan kalmomi, kuma kun ga dalili.

Game da ma'ana, indict ita ce a tuhumi mutum da babban laifi a hukumance. A Amurka aka fi jin ta, inda wata tawaga ta 'yan ƙasa da ake kira grand jury ke sauraron hujjojin mai gabatar da ƙara ta yanke ko sun isa a gurfanar da mutum. A watan Maris na 2023 irin wannan tawaga a New York ta tuhumi Donald Trump, ya zama tsohon shugaban Amurka na farko da aka yi wa haka, kalmar ta cika kafafen labarai na duniya. A jaridun Nijeriya kuma za ku riƙa ganin ta a kanun labarai idan kwamitin bincike ya ɗora wa wani laifi a rahotonsa. Abin da ya kamata ku riƙe shi ne tuhuma daban, hukunci daban. Wanda aka yi wa indict ba a same shi da laifi ba tukuna. In kotu ta same shi da laifi, convict ake cewa.

Hanya mafi sauƙi ta rarrabe tagwayen ita ce a duba abin da ya biyo baya. In takarda ce, ko waƙa, ko jawabi, indite ce. In mutum ne, indict ce. Wani ɗalibi a ajin ya ba mu tasa dabarar, mun kuwa ji daɗinta: c na court da crime, ita ke da c.

Ɗalibinmu yana da abokan kuskure

Domin kada yaron ya ji kunya da yawa, malam ya gaya masa cewa mutane sun fi shekara 400 suna tuntuɓe da wannan kalma, har Shakespeare ya mayar da abin barkwanci. A cikin Romeo and Juliet akwai tsohuwar mai rainon Juliet, wadda ke son manyan kalmomi amma takan saka su inda ba gurbinsu ba. Da ta zo neman Romeo ta yi irin ɓarin bakin nata, sai abokinsa Benvolio ya kwaikwaye ta da gangan, ya sa indite a gurbin invite, wai za ta gayyace shi cin abinci. A Henry IV kashi na biyu kuma wata mai masauki, Mistress Quickly, ta yi wannan kuskuren da gaske ba wasa ba. Irin wannan musanya kalma da mai kama da ita tana da suna a adabin Turanci, malapropism, daga Mrs Malaprop ta wasan The Rivals na Sheridan, wanda aka fara nunawa a 1775. 'Yan ajin adabi su ajiye wannan a aljihu.

Kalmar ta kuma shiga fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611, a farkon Zabura ta 45, abin da ya sa masu zuwa coci a ƙasashen Turanci suka daɗe suna jin ta ko bayan ta fita daga maganar kasuwa. Sababbin fassarori sun sauya ta da kalmomin da mai karatun yau zai gane. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda ta kwana.

To, a yi amfani da ita ko a bar ta?

Ra'ayinmu a fili yake: ku san ta, amma kada ku sa ta a wasiƙar jarrabawa, ko ta neman aiki, ko ta neman gurbin karatu. Sanin ta zai amfane ku in kun haɗu da ita a tsohuwar waƙa ko a tambayar ma'anar kalmomi. Saka ta a wasiƙa ga kawu kuwa kamar zuwa filin ƙwallo ne da babbar riga da rawani. Kayan na da kyau, wurin ne ba nasu ba.

Akwai wurare biyu da har yanzu take da rai. Na farko, idan kuna rubuta labarin da ya faru a zamanin da, kuna son mai karatu ya ji ƙamshin lokacin. Na biyu, raha. In ɗan kwana ya ce "He sat down to indite a long complaint about the watery beans", wanda ya san kalmar zai yi dariya, domin an ɗauko kalmar fada an ɗora wa wake mai ruwa. Marubutan Turanci na yau da ke taɓa ta, galibi da wannan murmushin suke yi. Amma raha sai da wanda ya gane ta, kuma mai duba takardar jarrabawa da ke da ɗaruruwa a gabansa ba lallai ya tsaya neman barkwancinku ba. Yana iya ɗauka invite ko indict kuka so rubutawa kuka kasa.

Malamin ya tuna mana yadda ake raba makin insha'i a jarrabawar WAEC: ana duba abin da aka faɗa, da yadda aka jera shi, da yadda aka sarrafa harshe, da kuma tsabtar rubutu daga kurakuran harrufa da alamomi. Sarrafa harshe ne ke da kaso mafi tsoka, kuma a nan ɗalibai ke ruɗewa. Suna zaton sarrafa harshe na nufin jibga manyan kalmomi. Abin da ake nema shi ne kalmar da ta dace da wurin, da wanda ake yi wa magana. Kalmar da aka saka ba a gurbinta ba tana cin maki ta fuska biyu, ga rashin dacewa ga kuskuren harrufa in an yi.

Ba laifin yaran kaɗai ba ne. Mun gaji wata al'ada ta girmama dogon Turanci, inda wanda ba a gane maganarsa ba shi ake tafa wa. Marubutanmu sun daɗe suna yi wa wannan hali dariya. A The Lion and the Jewel na Wole Soyinka, malamin ƙauye Lakunle yana jero wa Sidi manyan kalmomi yana kushe sadaki, har suka ƙare masa, ya amsa cewa ƙaramin ƙamus gare shi, babban bai iso ba tukuna. A ƙarshe ba shi ya sami Sidi ba. A No Longer at Ease na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1960, mutanen Umuofia mazauna Legas sun shirya wa Obi liyafar dawowa daga Ingila, sakatarensu ya zuba Turanci mai nauyi aka yi ta jin daɗi, shi kuma Obi da ya yi digiri a Turancin ya tashi ya yi magana da sauƙaƙan kalmomi, jama'a suka ji ba su gamsu ba. Achebe ya san wanda ya fi iya harshen a cikin su biyun.

In write ta gundure ku, akwai 'yan'uwanta masu rai, kowace da aikinta. Compose ita ce magajiyar indite ta gaskiya, ana yi wa waƙa da kiɗa da jawabi. Draft ita ce rubutun farko da za a gyara. Jot down ita ce a ɗan rubuta abu a gurguje don kada a manta, kuma ta samo asali daga iota, harafi mafi ƙanƙanta a Girkanci. Scribble rubutun kaza ne. Inscribe ana yin ta a jikin dutse ko kofin gasa ko shafin farko na littafin da za a bayar kyauta. Pen, wadda ta fito daga kalmar Latin ta gashin tsuntsu, tana aiki a matsayin aikatau, kuma 'yan jarida na son ta a kanun labari saboda gajarta. Ita ma tana da ɗan ƙamshin tsufa, amma ba ta kai indite ba.

Dangin dictare kuwa suna nan ko'ina, sai dai ba a gane su. Dictation da malam ke ba ku, dictionary da kuke buɗewa, dictator mai mulkin kama-karya wanda maganarsa ce doka, har ditty, wato 'yar gajeriyar waƙa. A Jamusanci ma kalmar tsara waƙa, dichten, daga can ake danganta ta. Kalmomin ilimi haka suke yawo daga harshe zuwa harshe. Tun 1960 masanin harsuna Joseph Greenberg ya kawo hujjar cewa kalmarmu ta rubutu daga Barebari muka aro ta, karatu kuma asalinta Larabci ne.

Wani abin da ya ba mu sha'awa shi ne tsohuwar ma'anar da ƙamus ya ce ta mutu, aikinta ya dawo ta bayan gida. Duk wanda ya danna alamar makirufo a wayarsa ya yi magana wayar ta rubuta, abin da Cicero ke yi da Tiro yake yi. Mun gwada a ofishin malaman: muka faɗa wa waya jimla mai ɗauke da indite, sai ta rubuto mana indict. Kunne ba zai iya raba su ba, na mutum ko na na'ura, sai an duba jimlar.

Yaron dai ya sake wasiƙarsa. Ya buɗe da "I am writing to ask for your help with my examination fees", malam ya ba shi maki mai kyau. Ya ce mana har yanzu yana ganin ta farkon ta fi armashi a kunne.

Ga gwajin da malam ya ba ajin a ranar, mun aro muku. A kowace jimla ku cike gurbin da indited ko indicted ko invited. Amsoshi na nan tafe a fitowa ta gaba.

The old poet ______ an elegy for his friend.
The cashier was ______ for stealing the workers' salaries.
We were ______ to the prize-giving ceremony.
The blind scholar ______ the verses and his pupil wrote them down.
Nobody has been ______ over the missing textbooks.